Yadda Bahago Ya Samu Hannu Na Biyu

Yaran da nake koya wa ƙwallon hannu a zauren wasan unguwarmu, nan Hindawiyya a Makka, suna da wata magana da ke kashe ni da dariya. Idan na ce a sake jifa, sai wani ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ya Kaftin, ai jifa ce kawai, ka ɗauka ka wurga." Da Larabci suke faɗa, don Hausar yawancinsu ba ta wuce gaisuwa da sunan abinci ba. To ni da wannan "kawai" ɗin na ci abinci tun ina ɗalibi har na zama uban 'ya'ya, kuma zan faɗi yadda abin yake da harshen da uwata ta raine ni, ko Allah zai sa wani ya karanta musu.

Ga wanda bai san wasan ba, mutum bakwai ne kowane gefe, da raga, da mai tsaron gida a bakinta, da wani layi a gabansa wanda ba a taka shi. Da hannu ake komai. Aikina shi ne jifa daga nesa. In yi tsalle, in wuce kan ƙartin da suka yi mini katanga, in aika ƙwallo inda mai tsaron gida ba ya nan.

Sunana Usman, amma ko a gidanmu Bahago ake ce mini. Kakana ya taso daga Sakkwato da ƙafa don aikin Hajji, ya zo ya ga wuri, bai koma ba. A nan aka haifi Ummata, a nan aka haife ni. Umma ta yi yaƙi da hannuna na hagu iya ƙarfinta. In na kai shi cikin tire, ludayi ne zai sauka a kan yatsuna. In na karɓi abu daga babba da shi, sai na mayar na sake karɓa. Rubutu ma da dama ta koya mini, tana zaune a kaina har na iya. Jifa kaɗai ta bar wa hagu, ita ma don ba ta ganin abin da nake yi wa gwangwanaye a bayan gida.

Mabuɗin mota ne ya shigar da ni wannan sana'a. Ina shekarar farko a jami'a, wani abokina ya leƙo daga bene na uku yana neman mabuɗinsa, ni kuma ƙiwar hawa ta kama ni, na cilla masa daga ƙasa, ya faɗa tafin hannunsa. Wani gajeren Bamisire mai tumbi da usur a wuya ya tsaya cak. Shi ne Kaftin Hamdi, mai horar da 'yan ƙwallon hannu na jami'ar. Ya ce, "Ya ibni, ɗana, da wane hannu ka yi wannan?" Na ɓoye hannun a baya, don na saba duk wanda ya yi wannan tambaya faɗa zai yi. Ashe a wasan nan bahago ɗan gata ne, saboda gefen dama na fili ba ya kyau sai da shi, kuma samunsa wuya. Ranar na fara jin wani babba ya yabi hagu, na koma gida bakina har kunne.

Na ɗauka washegari zan fara fasa raga. Zango guda Kaftin Hamdi bai bar ni na kalli raga ba. Bango ya ba ni. Ya ce jifa daga tafin ƙafa take tasowa, ta bi ƙugu, ta bi baya, kafaɗa ƙofa ce kawai da take fita. Zai tsaya a bayana ya riƙe mini ƙugu ya ce in jefa, ƙwallon ya tafi kamar na jefa matashin kai. Sai ya saki ya ce in sake, in ji bangon ya amsa. In na yi jifa da kafaɗa zalla, usur ne a cikin kunnena. Yakan ce, "Kafaɗa ɗaya Allah Ya ba ka ta wannan aiki, ba a sayar da ita a kasuwa." Ina jin sa, amma ina da shekara goma sha tara, kuma kafaɗar ba ta taɓa yi mini ko ƙaiƙayi ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa, sai dai kowanne da halinsa. Akwai danƙo, wanda muke shafawa a yatsu don ƙwallon ya zauna a hannu ɗaya. Ana manna ɗan dunƙule a gefen takalmi, a riƙa dangwala ana cikin wasa. Ya yi kaɗan, ƙwallo ya suɓuce. Ya yi yawa, ka yi jifa da dukkan ƙarfinka ka ga ƙwallon ya sauka a gaban ƙafarka, 'yan kallo su samu abin yi. Zafin Makka kuma ba ya raga masa, ka manta gwangwaninsa a mota da azahar ka dawo ka tarar da miya. Umma ba ta yarda in zauna cin abinci sai na murje shi da man zaitun ta duba yatsun ɗaya bayan ɗaya. Akwai tef, farin ƙyalle mai manne da ake naɗe yatsu da wuyan hannu da shi don kada fata ta tsage. Sai ƙanƙara, wadda ake ɗaura wa kafaɗa bayan wasa. Yara na raina ƙanƙara, ni ma na raina ta.

A jami'ar na haɗu da Yakubu, mai tsaron gida, ɗan gidan wasu Kanawa da ke gangaren unguwarmu. Dogo ne siriri, ba ya magana sai ta kama, idanunsa kuwa ba sa barin kafaɗar mai jifa. Da muka gama karatu, ƙungiya ɗaya ta garin nan ta ɗauke mu tare, muka sa hannu a kwantiragi rana ɗaya. Kullum a wurin horo ni ne mai jifa, shi ne mai tarewa. Mai jifa ba shi da abokin ciniki da ya wuce mai tsaron gida. Kana karanta gwiwarsa, yana karanta kafaɗarka. In ya ɗora nauyinsa a ƙafa ɗaya, wancan gefen ya mutu, can za ka aika. Shi kuma yana kallon inda kafaɗarka ta buɗe tun ƙwallon bai bar hannu ba. Ni da Yakubu mun karanta juna har muka haddace.

Wasan da ba na mantawa a wani gari ne na gabas, inda mutane ke son ƙwallon hannu kamar me. Zaure ya cika maƙil, ganguna na tashi, ba ka jin usur sai dai ka ga alƙali ya kumbura kumatu. Muna kunnen doki, lokaci ya kusa ƙarewa, ƙwallo ya zo hannuna ina can nesa, inda mai hankali ba ya jifa. Ƙarti biyu suka taso mini. Na taka, na tashi, na ji jifar ta taso daga ƙafa yadda Kaftin Hamdi ya koya, ta wuce ta tsakanin kunnen ɗaya da hannun ɗaya, ta daki ƙarfen sama ta ciki ta faɗa. Gangunan nan suka ɗauke ɗif. A cikin shirun na jiyo muryar Yakubu daga ɗaya ƙarshen fili, da Hausa tsantsa, yana cewa, "Bahago, ka gama da su." Mun yi waƙa a mota tun daga can har muryoyinmu suka dushe, direba ma da shi aka yi. Shekaru na yi ina irin wannan jifa, kuma daɗinta bai taɓa raguwa ba.

Mummunar shekarar ta zo ne bayan na haura talatin, lokacin jirgin ƙasan nan na Mina bai daɗe da fara aiki ba. Ba faɗuwa na yi ba, ba wanda ya buge ni. Wata safiya na ɗaga hannu zan zura jallabiya, na ji kamar an soka mini allura a kafaɗa. Likita ya duba hoto ya ce jijiya ta yage, sai an yi aiki. Aka yi. Na yi watanni ina ɗaga gorar ruwa a matsayin motsa jiki. Da na koma fili, hannun yana tashi, amma jifar ta zama ta tsoho. Ƙwallon yana isa raga, sai dai yana sallama kafin ya shiga, Yakubu ya kama shi da hannu biyu ya miƙo mini ba tare da ya kalle ni ba.

Ga shi kuma an kawo sabon mai horarwa daga Tunis, wanda bai ga wasan gabas ba, bai ga komai ba sai wannan jifar. Mutum ne mai gaskiya. Ya kira ni gefe ya ce, "Usman, za a tafi hutun Hajji. In an dawo zan tsayar da kai gaban raga. In ka iya ci, kana nan. In ba ka iya ba, za mu yi maka walima mai kyau mu sallame ka." Ni kuwa ban iya wata sana'a ba, kuma ban ƙoshi da wannan ba.

A wannan Hajjin ne Hajiya Ige ta zo daga Sakkwato. Ƙanwar kakata ce, tsohuwa tukuf, ƙafa ta ƙi amma baki na nan garau. Tana ganina ta ce, "Wanga shi na mijin nawa? To Allah Ya sa ka iya turin keke." Umma ta ce in yi niyyar Hajji in raka ta, ba shawara ta kawo ba. Na tura kekenta a Arfa cikin rana, tana addu'a tana yi mini gyaran tuƙi. A Muzdalifa ta sa na durƙusa ina tsintar tsakuwa, tana zaɓe. Wannan ta yi girma, waccan ta yi faɗi, sai mai kamar ƙwayar gujjiya. Ta zuba nata a gorar ruwa ta ɗaure bakin da tsumma.

Da aka zo jifa a Mina, ta ga turmutsutsun daga nesa ta ce ba da ita ba, ta wakilta ni. Kafin in fita daga tantinsu, labari ya zaga cewa jikan Hajiya Ige jifa ce sana'arsa. Sai ga tsofaffi suna jan jiki suna miƙo goruna. Wannan ta ce ƙafarta, waccan ta ce hawan jini. Malamin ayarinsu ya ce ya halatta, in fara jefa nawa, sannan in jefa na kowace da niyyarta. Na tara gorunan a jaka, na miƙa hannun hagu zan karɓi ta Hajiya Ige. Ta janye.

Ta ce, "Tsaya. Da wane hannu za ka jifa min?"

Na ce, "Haba amarya, ai hagun nan shi ake biyana albashi dominsa."

Ta ce, "Su biya ka. Ni dai tsakuwata ba ta tahiya da hannun tsarki. Tun daga Sakkwato nit taho, ban zo a yi min jifa da hagu ba."

Sauran suka ɗauka gaba ɗaya, kowace ta ce ita ma haka. Na ce musu ban taɓa jefa ko ƙwallon goriba da dama ba. Hajiya Ige ta ƙeƙasa ƙasa ta ce, "Ba ni ganinka, miji, amma Allah Shina ganinka." Da wannan ta ɗaure ni, na fita da jaka tana ƙara a kafaɗa.

Wurin jifa bango ne mai faɗi da kwarami a gindinsa, abin da ake so tsakuwa ta faɗa cikin kwaramin. Ba ƙarfi ake nema ba. Amma mutane sun yi dafifi a gaba, dole ka jefa ta saman kawuna. Na ɗaga dama yadda nake ɗaga hagu, na yi kabbara na saki. Tsakuwar ta tafi abinta gefe ta sauka a kan lemar wani bawan Allah, ya waiwayo, na ba shi haƙuri. Allah Ya sa na tsinto da rara. Ta biyu ma ba ta kai ba. Gumi ya karyo mini, ga amanar tsofaffi cike da jaka. Sai na daina kwaikwayon hagu. Na manne gwiwar hannu a haƙarƙari, na riƙe tsakuwar da yatsu uku kamar alƙalami, na karya wuyan hannu kawai. Ta tashi siririya ta faɗa tsakiyar kwarami. Na sake, ta bi sawun 'yar'uwarta.

Kwanakin jifan nan duka haka na yi su, gora bayan gora, ina kiran sunan kowace tsohuwa a zuciya. A nan na gane abin da ban taɓa lura da shi ba. Hannun daman nan ba shi da ƙarfi, amma yana da ladabi. Shekarun da Umma ta yi tana tilasta masa cokali da rubutu sun sa yatsunsa suna jin magana fiye da na hagu. A rana ta ƙarshe ina zaɓar tsakanin kai da kai in zura tsakuwa, ba ta taɓa kowa. Murna ta kama ni a wurin har sai da na yi istigfari, don bakina na kabbara, zuciyata kuwa ta leƙa raga.

Ƙwallo ba tsakuwa ba ne, kada yaro ya ji wannan ya ɗauka daga Mina na wuce fili. Sauran hutun a bayan gidanmu na ƙare shi, ni da bango, kamar zamanin Kaftin Hamdi. Yatsun dama ba su saba buɗewa su riƙe ƙwallo ba, fatar tsakaninsu ta tsage, danƙo na shiga ciwon yana yi mini raɗaɗi. Daga nesa hannun ba ya kai komai. Amma daga mita bakwai, inda ake tsayawa a yi jifar hukunci, kai da mai tsaron gida ba kowa a tsakani, wuyan hannu ya isa. Ban gaya wa kowa ba, balle Yakubu.

Ranar gwaji bayan la'asar ne, 'yan wasa duk suna zaune a gefe. Baba Sale, tsohon da ke yi mana tausa da naɗin tef, ya naɗe mini hagu kamar kullum, ya ɗan matsa kafaɗar ya ce Allah Ya ba da sa'a. Mai horarwa ya ce ba zai wahalar da ni da tsalle ba, in tsaya a mita bakwai, Yakubu ya shiga raga. Yakubu ya zo wucewa ta kusa da ni ya ce a hankali, "Bahago, wallahi ba zan bar maka ko ɗaya ba. In na bari zai gane, kuma kai ma za ka gane." Na ce, "In ka bari ma ban yafe ba."

Na fara da hagu, don ina so in san gaskiyarta. Na nufi kusurwar sama, ya kaɗe. Na nufi ƙasa, ƙafarsa na can tana jira. Na yi masa ƙarya da kafaɗa, bai ko motsa ba, ya kama ƙwallon a ciki. Na ga mai horarwa ya kalli agogo.

A jifar hukunci ƙafa ɗaya ba ta barin ƙasa, kuma bahago ƙafar dama yake sawa gaba. Na tsaya yadda na saba tsayawa, ƙwallo a hannu biyu. Usur ya tashi. Na buɗe kafaɗar hagu sosai, Yakubu ya bi ta kamar yadda ya bi ta tun muna jami'a, ya tafi gaba ɗayansa. Ƙwallon kuwa yana dama. Na karya wuyan hannu, ya wuce ta gefen kunnensa ya zauna a raga.

Yakubu yana ƙasa ya ɗago ya kalli hannuna na hagu, ya ga ba komai, ya kalli ragar. 'Yan benci suka miƙe tsaye. Mai horarwa ya ce, "Sa'a ce. Sake." Na sake da dama, wannan karon ta ƙasa, ya shiga. Ya ce in ƙara. Yanzu Yakubu ya shiga uku, don dole ya jira ya ga hannun da zai saki, kuma mai tsaron gidan da ya jira ya makara. Sai na ba shi hagun nan, tsohuwar jifar da ya gama kamawa da hannu biyu ɗazu. Ta wuce shi salin alin. Daɗin wannan ya fi na sauran. Yakubu ya ɗauko tawul ɗinsa ya jefe ni da shi, yana dariya yana cewa, "Munafuki, shekara nawa kana ɓoye mini wannan?" Na ce masa ni ma bana aka gabatar mini da shi.

Mai horarwa bai yi dogon bayani ba. Ya ce daga yau jifar hukunci tawa ce, kuma zai matso da ni kusa da raga inda ba a buƙatar jifar nesa. Sannan ya juya wajen Baba Sale ya ce, "Gobe ka naɗe masa duka biyun."

Washegari Baba Sale ya kama hannun daman yana juya shi, yana gunagunin an ƙara masa aiki. Hannun bai taɓa sanin tef ba, da aka zo cirewa da yamma har da gashi ya tafi, na yi ƙara, yaran ƙungiya suka yi ta dariya. Haka Baba Sale ya ci gaba da naɗe mini hannu biyu yana ɓarewa, kakar wasa bayan kakar wasa, har furfura ta fito mini a gemu ina cikin fili.